Gemun Hamma Salihu

Litinin, 2 ga Maris, 2015
Yayana, Hamma Salihu, ya iso da la'asar. Wata shida yana maƙale a Madagali tun da mutanen nan suka shiga garin. Da na buɗe ƙofa ban gane shi ba. Gemu har ƙirji, wando a ɗage. Ya ce su suka tilasta wa kowane namiji. Na rungume shi. Allah ya yafe mini, tsoronsa na ji.

Talata, 3 ga Maris
Ba ya magana. Na kwashe wuƙaƙen kicin na zuba a ƙasan buhun masara. Me ya gani a can? Me ya yi? Ban tambaya ba.

Laraba, 4 ga Maris
An yi shela: ranar Juma'a ta sama mai unguwa da 'yan banga za su bi unguwarmu, Shagari Low Cost, gida-gida su ga duk baƙon da ya sauka. A makon jiya sun tafi da wani mai irin wannan gemun, har yau shiru. Hamma bai taɓa tara gemu ba a rayuwarsa. Dole a cire shi, kuma ba zai iya taka wajen mai aski da fuskar nan ba.

Alhamis, 5 ga Maris
Na hau keke zuwa kasuwar Jimeta na sayo reza da kirim ɗin aski, irin na matsawa kamar makilin. Mai shagon ya ce shi ake yayi, minti biyu an gama. Na fara rage gashin da almakashi. Kumatu kam ya bari na aske. Da na shafa masa kirim ɗin a wuya, sanyinsa ya taɓa shi, yatsuna suka kai maƙogwaro, sai ya damƙe hannuna har ƙashi ya yi ƙara. "Zulai, kar ki taɓa nan." Ya koma kusurwa yana haki. Kafin ya dawo hayyacinsa kirim ya bushe ƙamas a zafin nan, reza sai ja take. Na yanke shi a haɓa.
Yanzu ya fi da muni. Rabin fuska a aske, kamar wanda ya yi sauri don ya ɓoye wani abu.
Rezar na ƙulle a bakin zanina. Da ita nake yawo.

Asabar, 7 ga Maris
Mun sake gwadawa. Haka dai.

Lahadi, 8 ga Maris
Baba Zadok, maƙwabcinmu, ya hango shi ta katanga yana dawowa daga coci. Ƙaninsa mutanen nan suka kashe a Michika bara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya wuce. Shi ke nan, na ce a raina. Ko abinci na kasa ci.

Litinin, 9 ga Maris
Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na leƙa. Baba Zadok ne, shi kaɗai, da ƙaramin kwano da wani tsohon buroshi mai gashi laushi. A cikin kwanon akwai sabulu mai tauri, ya lotsa a tsakiya saboda amfani.
Ya ce shekara talatin yana nas, shi ke aske marasa lafiya kafin a shiga da su tiyata. "'Yata, mutumin da tsoro ya kama, ba a yi masa da kirim. Kirim na mai sauri ne. Ya bushe, ya ƙare. Sabulu yana jira mutum."
Na ɗebo ruwan rijiya, kumfa ta ƙi tashi. Ya yi dariya ya ce nan kam kirim ya fi, shi kowane ruwa yana karɓa. Ya sa na ɗumama ruwan leda guda biyu. Ya jiƙa buroshi, ya yi ta juya shi a kan sabulun, yana ba Hamma labarin wani soja da ya suma don ya ga allura. Ni duk na ƙosa. Kumfa ta tashi mai kauri, da ɗumi, ba ta da wannan ƙamshin mai yaji.
Bai taɓa shi ba. Ya miƙa masa buroshin ya ce, "Shafa da kanka."
Hamma ya shafa a kumatu. A haɓa. Ya tsaya. Kumfa ta fara bushewa, Baba ya tsoma buroshi a ruwa ya sake juyawa ya ba shi. Sau huɗu. A na biyar ya kai wuya. Yau iyakar abin da aka yi ke nan, ba a ɗauko reza ba.

Laraba, 11 ga Maris
Jiya ma kumfa kawai. Saura kwana biyu, Baba kuwa ko a jikinsa. Na kusa yi masa tsawa.

Alhamis, 12 ga Maris
Yau bayan kumfa Baba ya ce, "Ina reza?" Na kwance bakin zani. Na miƙa masa, ya kauce, ya nuna Hamma da haɓa. Hannuna ya tsaya a iska. Hamma ya dube ni, ya dubi ƙullin zanin, na san ya gane. Na ba shi.
Da kansa ya aske, a hankali, rezar tana sulɓi ba ƙara. A wajen maƙogwaro ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A gabana suka yi wa Jalo." Abokin shagonsa. Baba ya sa masa sabuwar kumfa a buroshi. Ya ƙarasa.
Fuskar mahaifinmu ce ta fito. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Juma'a, 13 ga Maris
Sun zo su shida. Baba Zadok yana zaune a ƙofarmu yana shan shayi da Hamma. Sun yi tambayoyi, sun rubuta suna, sun wuce.

Lahadi, 15 ga Maris
Baba ya bar masa kwanon da buroshin, ya ce sabulun zai kai shi shekara. Kirim ɗin yana kan taga, ban san wa zan ba ba.
Da safe ina tsugune ina wanke-wanke, Hamma yana bayana yana aski, ina jin buroshi yana zaga kwano. Sai da na gama na tuna ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Rezar tun Alhamis tana wajensa. Mantawa na yi ban karɓa ba.
Wuƙaƙen ma na fito da su. Albasa ba ta yankuwa da cokali.