Ɗan Layin da Ba Ta Faɗa Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu

An ba ni sabon aiki yau. Ko in ce an ƙara mini wani wulaƙancin, da hatimi a kansa. Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a gida, bakwai daga ciki ni ne shugaban sashe. A nan ƙasar waje kuwa takarduna na koyarwa suna can cikin aljihun teburin wani, "ana dubawa" tun bara waccan. Ni mataimakin aji ne. In raba takardu, in tura keken guragu, in nemo murfin biro a ƙarƙashin kujera.

Uwar Ɗaki, wato shugabar sashen tallafi, ta kira ni ofishinta. Akwai yarinya a ajin ƙarshe, shekararta sha shida, hannuwanta ba sa tsayawa wuri ɗaya tun haihuwa. Biro ba ya zama a yatsunta. Hukumar jarrabawa ta yarda a ba ta marubuci: ita ta faɗa, ni in rubuta. "Abin da ta faɗa kawai, Malam. Ba gyara, ba tari, ba ɗaga gira." Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ɗakin tallafi yana ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye tsintsiya. Tebur uku, taga ɗaya, labule a kusurwa inda yaron da ba ya jure hayaniya yake shiga ya huta. Akwai takardu masu manyan baƙaƙe don masu raunin gani, da wata 'yar na'ura da malami yake rataya a wuya don mai raunin ji ta ji shi. Gaskiya sun yi tanadi. Ba zan ƙi faɗa ba don raina a ɓace yake.

Yarinyar ta shigo da sandarta, ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne sabon hannuna?" Maganarta tana fita da ja, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ta ce mai rubuta mata na baya tausayi ya yi masa yawa, tana magana yana kaɗa kai kamar ƙadangare.

Ta fara cewa "tambaya ta f… f…" na ce "farko." Sannan ta ce, "Malam, hannu aka ce a ba ni. Baki ina da nawa."

Lauya take son zama. Ya dace da ita. Haka zan riƙa kiranta a nan.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Sanyi. Gwiwa. Bas ya wuce ni ina kallonsa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na kira gida da rana. Uwar yara lafiya, sai ƙorafin rufin ɗaki. Ta ba Auta waya. Har yanzu in'inarsa tana nan, shekara sha tara. "Baba, ina son ma… ma… ma…" Na ce, "Mashin? Ba yanzu ba. Ka riƙe aikin garejin da kyau. Ba ni uwarka." Tun watan jiya yake wannan zancen. Yaron da na cire daga makaranta a aji uku saboda ba ya iya amsa tambaya ɗaya a tsaye, ɗan malamin lissafi guda, yanzu mashin yake so.

Talata, 25 ga Fabrairu

Lauya tana da kai. Wannan ba yabo ba ne, lissafi ne. Ba ta da takardar gwaji ta gefe kamar sauran yara, komai a kanta take riƙe shi, ta juya shi, sannan ta ba ni layi-layi. Malamin lissafinsu yaro ne, da a gida ne da ɗalibina ne. Yana tsallake matakai a allo, ina zaune a baya ina cizon harshe. Amma kullum yakan turo mata darasi tun kafin ranar, don ta saurara a gida. Ni ban taɓa yi wa wani yaro haka ba cikin shekara ashirin da biyu. Ban ma san ana yi ba.

Yara sun fara kirana Malam Hannu. Ita ta fara.

Talata, 4 ga Maris

Jarrabawar gwaji. Ni da ita da mai sa ido, a ɗakin tallafi. An ƙara mata kwata na lokaci. Tambaya ta tara ta yi aikin duka daidai, mataki shida ba ko tuntuɓe, ta zo ƙarshe ta ce "uku." Amsar kuwa uku ce ƙasa da sifiri. Alamar ɗebewa kawai ta manta. Ta san abin, na san ta sani.

Na sa mata ɗan layin. Bai kai tsawon farce ba. Mai sa ido tana kallon agogo.

Ban ga laifin da na yi ba.

Laraba, 12 ga Maris

An dawo da takardu. Ta ci saba'in da takwas. Na ɗauka za ta yi murna. Ta ce in buɗe mata tambaya ta tara. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba nawa ba ne."

Na ce wanne.

"Layin nan. Ban faɗe shi ba. A bas na tuna na manta shi, har na kasa cin abinci ranar." Ashe duk abin da ta faɗa tana riƙe da shi, kalma-kalma.

Na ce, "'Yata, ai kin san amsar. Bakinki ne ya yi tuntuɓe."

Ta danne hannuwanta a cinya. Abin da ta ce ba zan iya kawo shi duka ba. Ta ce tun tana firamare duk makin da ta ci sai wani ya ce an taimaka mata ne. Ta ce ƙanin babanta har yau cewa yake makarantar ce take ba ta maki don tausayi. "Yanzu in ya faɗa, me zan ce masa? Ka mayar da shi mai gaskiya."

Ta ɗauki sandarta, ta tafi ofishin Uwar Ɗaki da ƙafarta. Ina jin ƙarar sandar har ƙarshen baranda.

Alhamis, 13 ga Maris

Uwar Ɗaki ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Ta ba ni kujera, ta rufe ƙofa. Ta ce da a babbar jarrabawa aka kama wannan, za a soke sakamakon yarinyar gaba ɗaya, shekara ta tafi, kuma hukuma za ta sa ido a kan duk yaran sashen, su goma sha ɗaya. Shekara biyu ta yi tana cike takardu kafin a yarda da marubucin nan. "Garin neman gira, Malam."

Na ce mata a inda na fito malami uba ne, ba ya ganin ɗansa zai faɗa rami ya naɗe hannu. Ta ce, "A aji kai uba ne, ka koya mata duk abin da ka sani, ina ma roƙonka. A ɗakin jarrabawa kai biro ne."

Za a rubuta abin a fayil. Za a sake mata gwajin. Ko zan ci gaba da zama marubucinta kuwa, an bar wa yarinyar ta yanke. Yarinya 'yar sha shida za ta yanke mini hukunci. Duniya juyi-juyi.

Ta yi mini adalci dai. Da ni ne a kujerarta, da na kori mutum.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana tara ina raba takardu. Ma'aikaciyar laburare ce take rubuta mata. Muka haɗu da Lauya a bakin matakala, ta ce "ina kwana, Malam," ta wuce. Gaisuwa cikakkiya, ba abin da za ka kama. Ta fi zagi ciwo.

Na wanke kaya. Na zauna ina tunanin yara nawa na kira daƙiƙai a rayuwata. Na fara ƙirga, na bari.

Laraba, 9 ga Afrilu

An kira taron iyaye, aka ce in zo. Baban Lauya direban bas ne, ya zo da rigar aiki, yana ta juya hula a hannu yana ba ni haƙuri, wai yarinyar ta cika baki. Ni ake ba haƙuri! Na ce masa ita ce da gaskiya. Ban shirya faɗa ba, fita ta yi.

Lauya ta ce matar laburare mutuniyar kirki ce, amma in aka ce ta rubuta kashi biyu bisa uku sai ta tambaya wanne ne a sama. Rabin ƙarin lokacin a nan yake tafiya. Ta juyo gare ni. "Hannunka yana da kyau, Malam. Kanka ne ba na so a ɗakin."

Babanta ya ce, "Ke!" Uwar Ɗaki ta rufe baki da fayil.

Za ta mayar da ni marubucinta, amma sharaɗinta biyu. In bar kaina a ƙofa tare da jaka da waya. Kuma kada in sake ƙarasa mata kalma, ko za ta kwana a kanta. Na ce na yarda. Ta ce in faɗa a gaban shaidu. Lauya ke nan.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kullum bayan an tashi daga makaranta muna yin darasin minti arba'in. A nan an yarda in zama malami, ina kuwa zama. Na nuna mata yadda ake duba amsa ta hanyar komawa da baya. Ta ce me ya sa ban faɗa mata tun tuni ba. Na ce ba a tambaye ni ba. Ta ce, "Layin ma ai ba a tambaye ka ba."

Jiran kalma aiki ne. Na gwada ƙirga a zuci. Mafi tsawo ta kai goma sha ɗaya. Kuma sau biyu abin da ya fito ba shi ne abin da na zata ba.

Talata, 13 ga Mayu

Babbar jarrabawa. Na ajiye jaka a ƙofa, ta ce, "Da kan?" Na ce da kan.

Komai yana tafiya sumul har tambaya ta sha huɗu. Faɗin fili mai kusurwa uku. Ta ninka gindi da tsawo, ta ce "tamanin da huɗu," ta ce "tambaya ta gaba." Ba ta raba biyu ba.

Biro yana hannuna. Tari ma ya zo mini, na gaskiya, na haɗiye shi har idona ya kawo ruwa. Na rubuta takwas, na rubuta huɗu. Da kyau na rubuta su, yadda mai dubawa ba zai yi shakkar kuskure ne ba. Shekara ashirin da biyu ban taɓa rubuta amsar da na san ba daidai ba ce da hannuna.

Saura minti shida ta ce in karanta mata ta bakwai da ta goma. Na karanta. Ina addu'a ta ce sha huɗu. Ba ta ce ba. Aka karɓi takarda.

A baranda ta tsaya ta jingina da bango. "Ta sha huɗu. Ban raba biyu ba. Ana karɓar takarda na tuna." Sai ta dube ni. "Yadda na faɗa ka rubuta?"

"Yadda kika faɗa."

Ta ce, "Nawa ne."

Na ce maki biyu, wataƙila uku, sauran kuma ina ganin…

"A'a, Malam. Ba tambayarka nake ba. Na ce nawa ne. Kuskurena." Tana dariya har sandar tana neman zamewa. Babanta yana bakin ƙofar makaranta yana ɗaga hula, ta tafi tana ce masa ta faɗi tambaya ɗaya, kamar wadda ta ci kyauta.

Za ta haye, in Allah ya so. Na yi lissafin a kaina, ba wanda ya hana ni wannan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Takarduna har yanzu ana dubawa. Gwiwa da sauƙi.

Na kira gida bayan azahar. An gyara rufin. Aka ba Auta. "Baba, ina son ma… ma…"

Ban san me ya sa ba. Gajiya ce wataƙila. Na dai yi shiru, ina kallon bango, ina ƙirgawa. Ina jin numfashinsa, ina jin uwarsa daga nesa tana cewa ko layin ya yanke. Na kai sha tara.

"Makaranta."

Akwai ajin yamma kusa da garejin, ana shirya manya su zauna jarrabawa. Tun farkon shekara yake son faɗa mini. Wata huɗu ina hana shi mashin ɗin da bai taɓa roƙo ba.

Ya yi bayani mai tsawo. Mun kai minti ashirin, ban sa masa baki ba ko sau ɗaya. Muryarsa ta yi kauri, ban san yaushe ba. Na ce ya je ya karɓo fom, ya kuma tambaye su ko suna ƙara wa mutum lokaci. In sun ce ba sa yi, ya ba ni lambar shugabansu.

Ba wani abu ba ne. Layin ne yau yake da kyau.