Kwalaben Gishiri Goma

Agege, Legas

Zuwa ga maigidana Misbahu, sarkin rowa cikin jikoki,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici. Mene ne in gishiri ya ishe shi ya zauna lafiya, in an rage masa kaɗan ya kumbura ya fashe tun kafin na kowa? Kada ka leƙa ƙasa, na san halinka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya Zariya, ya karatu? Mu nan da sauƙi, amma ba sosai ba.

Ƙanwarka Amatullahi ce. Idonta ya sake yin ɗorawa, tafin hannunta fari fat, cikinta ya tasa ta hagu. Mun yi jiƙon shawara har ta gaji da sha. Babanku Nassirou ya sa mu a danfo, motar hayar nan, sai asibiti a Ikeja. Ba sikila ba ce. Likita ta ce saifa ce ke cinye mata jini, wataƙila a cire ta, kuma abin gado ne, a kawo iyaye a gwada.

Ka san bakina. Shekara ashirin ina cewa jinin mutanen Maraɗi, su babanku, ruwa ne, har a gaban baƙi. Tunda mahaifiyarku ta rasu, na miƙa hannuna a madadinta, ina dariya, don a gani.

Yarinyar ɗakin gwajin, wata Bayarabiya, ta gaji da tambayata ta nuna mini. Kwalabe goma a jere, kowace ruwan gishirinta bai kai na ta gabanta ba. Ana ɗiga jini a kowace, a jira, inji ya juya su. Inda jajayen ƙwayoyin jinin suka jure, sai su kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya garau. Inda suka fashe, ruwan ya koma kamar zoɓo.

Na babanku ya jure har kusan ƙarshen layi. Na Amatullahi tun kwalba ta uku ya yi zoɓo.

Misbahu, tun ranar ina ta tuna idon mahaifiyarku a cikinta na ƙarshe, da yadda aka ce jininta ya ƙare. Ina tuna naka idon duk lokacin da zazzaɓi ya kama ka, ina tsokanarka wai ka ci manja da yawa. Don Allah kada ka jira hutu. Je asibiti satin nan, ka ce a yi maka gwajin gishirin nan. Na rubuto ne don in na kira ka muryata za ta tona ni.

Babanku kuwa, shi ya riƙe mini jaka har muka hau keke. Gobe zan je rumfarsa da kaina in ba shi haƙuri, ban san ta inda zan fara ba.

Ka gaida abokanka. Ka sa Amatullahi a addu'a, ranar Litinin za su yanke maganar saifar.

Taka,
Kaka Zuliha

Amsar, jinina ne. Shi ma a kwalba ta uku ya fashe.