Lawali Ya Bar Makaranta

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya zaman Ikko?

Lawali, ɗan marigayi Umaru, ya bar makaranta. Daga ƙauyen Ɗan Isa yake takowa bayan ya ɗebo wa uwarsa ruwa, kullum a makare. Horon makara kuwa noman gonar makaranta ne har a tashi. Duk damina bai ga allo ba, sannan aka zane shi don ya faɗi jarrabawa. Geron hedimasta dai ya yi kyau.

Na je lallashinsa, ya ce, "Baba, tunda noma suke koya mini, gara in nome gonar Inna."

A sa shi a addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Garba