Rasuwar Mbah Wagirah, Wadda Aka Hana Kabari Kusa da Yayanta

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Karatun Alhamis ta ƙauyen Karangwuni ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma kakarmu, Mbah Wagirah binti Kartodimejo, ranar Talata da hantsi, tana da shekara casa'in da huɗu.

A zamanin yaƙin neman 'yanci, tana 'yar shekara goma sha huɗu, Mbah ce ke goya kwandon rogo ta ratsa shingen sojojin Holand, da shinkafa ƙunshe cikin ganyen ayaba da wasiƙu a ƙarƙashi, ta kai wa mayaƙanmu a kan dutse. A dutsen nan aka harbe yayanta Paiman, wanda ke kwance a Maƙabartar Jarumai.

Shekara da shekaru, duk Ranar Jarumai, manyan gari kan aiko mota a ɗauke ta, a zaunar da ita cikin rana, a maƙala mata ƙyalle ja da fari, launin tutar ƙasa, a yi hoto, a miƙa mata shinkafa a kwali. Abu ɗaya ta taɓa roƙo: a binne ta kusa da yayanta. Sau uku 'yarta, Ibu Sumarmi, ta raka ta ofis, sau uku ana cewa sai da takardar shaidar cewa ta yi aiki a yaƙin. A zuwan ƙarshe Mbah ta ce wa jami'in: "Ɗan nan, takardar da na taɓa riƙewa na haɗiye ta a bakin shinge don kada sojoji su kama ni da ita. Da na adana ta, da wa za ku riƙa yin hoto?"

Mun binne ta a maƙabartar ƙauye. Kafin la'asar sai ga allunan furannin ta'aziyya goma sha ɗaya daga manyan gari a ƙofar gidanta, kowanne sunan mai aikowa ya ninka nata girma. Tir! Mu da muka haife ku, ba haka muka tarbiyyantar da ku ba. Iyali sun roƙi masu allunan su kwashe kafin Juma'a. Wanda ya rage, da katakonsa za mu toshe rufin ɗakinta da ya yi damina shida yana yoyo.

Allah ya jiƙan Mbah, ya ba Ibu Sumarmi da jikoki juriya, ya haɗa ta da Paiman a inda ba a tambayar takarda.

Hajiya Murtiningsih Prawiro
Mai magana da yawun Ƙungiya