Wayar Nazifa

Litinin, 2 ga Agusta, 2021
Sun ba Nazifa ɗakin da nake aje kwalayena. Wata takwas kacal da fara aikinta a asibitin nan na Kaura, ni shekara ashirin da biyu. Wai wata ƙungiya ta kawo waya da lamba, matasa su turo tambaya kan ciwon sanyi da sauran cututtukan saduwa, ba suna, ba ganin fuska. Ita ce mai amsawa. Ni aka ce in kwashe kwalaye.

Alhamis, 5 ga Agusta
Oga Tambari, shugaban asibitin, ya kai saƙonnin da za a riƙa tura wa matasa ga Malam Namadi na masallacin Juma'a ya duba. Malam ya ce neman magani ba laifi ba ne, ya sa albarka. Sanda nake zagaya makarantu da hotunan kwali, wa ya kai ni gun Malam?

Laraba, 18 ga Agusta
Tambaya ɗari da goma sha wani abu, cikin mako biyu. Har daga Shinkafi da Gurbin Bore. Ni da na yi shekaru ina magana, 'yan mata na rufe fuska da hijabi suna dariya, ko ɗaya ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Na san dalili, tsoron kada magana ta kai gida, daga gida ta kai gaban alƙali. Amma dai. Yau a taro Oga ya ce "Nazifa ta buɗe muna ido." Na yi tafi da kowa. Hannuna kamar ba nawa ba.

Litinin, 23 ga Agusta
Ba ta ma iya kama jijiya ba.

Juma'a, 3 ga Satumba
Ta same ni ɗakin allura, tana riƙe da wayar. "Anti Balaraba, taimaka mani. Wata yarinya daga Zurmi, shekara sha bakwai. Ciwon mara, ruwa mai wari, yanzu har zazzaɓi. Ta sha maganin kemis sau biyu." Na san mi ne ne tun ba ta rufe baki ba. Na ce, "Ba wayar ta san komi ba? Tambaye ta." Ta ce to, ta fita. Na yi niyyar in kira ta bayan azahar. Ban kira ba. Litinin dai.

Litinin, 6 ga Satumba
Gwamnati ta yanke sabis a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo. Nazifa ta ce abin da ta samu turawa kawai shi ne yarinyar ta zo asibiti, ba wanda zai ji. Ba ta san ko ya shiga ba. Ba suna, ba unguwa. 

Alhamis, 9 ga Satumba
Na kasa cin tuwo. In ciwon ya hau sama, mahaifa ce za ta lalace. Ɗiyar wani. Astagfirullah.

Talata, 14 ga Satumba
Ta zo! Ita da gwaggonta, a motar Zurmi, tana tafiya a duƙe. Daga ƙofa ta ce, "Ina Anti mai waya?" Ba ni ba. Nazifa ta kamo hannunta ta kawo ta gabana, ta ce, "Ga wadda ta fi ni sani." Na rasa inda zan sa idona. Na duba ta, na aika gwaji, na yi mata allura, muka kwantar da ita. Gwaggon na ta tambaya, na ce ciwon mara ne, yana warkewa. Da muka rage mu biyu, yarinyar ta ce kwana goma tana karanta saƙon nan kafin ta iya faɗa wa gwaggo. Na ce, "Da ba waya fa?" Ta ce, "Da sai dai in mutu da shi, Mama."

Asabar, 18 ga Satumba
An sallame ta. Sunanta Saudat. Ta rungume Nazifa, ni ta durƙusa ta gaishe ni. Na lura da bambancin, ba zan yi ƙarya ba.

Laraba, 29 ga Satumba
Har yau ba sabis. Nazifa ta ce a ɗauki bayani da murya, a zuba a katin mimori, a ba malaman Islamiyya mata su raba wa ɗalibai. Ta ce ni zan yi maganar. Na ce ba ni da lokaci. Daga baya na yarda, don kawai Hausarta ta Kano ce, 'yan Shinkafi za su yi mata dariya. Sau huɗu muka ɗauka, na uku ya yi kyau amma na manta zancen kemis. Na ce ta nuna mani inda ake latsawa, ko da wata rana ba ta nan. Gobe zan kawo mata fura, na ga ba ta karyawa.