Biyu Cikin Hatimai Bakwai

Accrington, 4 ga Maris, 1968

Yaya Effie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yau shekarata goma sha tara da barin Paisley, ban taɓa roƙonki komai ba sai yanzu.

Za a rufe masana'antarmu ta buga zane a yadi. An ce a ƙona hatiman katakon da muke buga zanen da su kaf, har da waɗanda aka kwaso daga garinmu da aka sayi ma'aikatar su Baba. Ba zan zagi masu ita ba, bugun hannu ya daina ciniki. Amma furen nan mai ƙaya da Baba ya sassaƙa yana ciki, hatimi bakwai, kowane launi da nasa. Kin san ba a sa sunan mai zane, sai lamba. Duba gefen labulen Inna, tana nan. Don Allah ki hanzarta turo mini lambar.

Ƙanenki,
Lachlan

Paisley, 9 ga Maris

Lachlan,

Ina amsawa, ƙafa kuma tana nan yadda ka ji. Ashe sai katako ya shiga uku za ka tuna kana da 'yar'uwa? Jana'izar Baba ma da kati ka sallame mu.

Labulen kuwa, bara gefensa ya zare, na datse na yi masa kalmasa. Wa ke adana gefen yadi? Ga ƙyalle na yanko maka daga ƙasa. Nema da ido, ai a gaban Baba ka koyi aikin. In ka samu, ka kawo da ƙafarka, ban da gidan waya.

Ka huta lafiya,
Effie

Accrington, 18 ga Maris

Yaya Effie,

Na gaishe ki. Maganar jana'iza gaskiyarki ce. Ta labule kuma ba laifinki ba ne.

Kwana shida ina bin kantocin ajiyar hatimai da ƙyallen a hannu, hatimi ya fi dubu tara. Wilf, mai hura wutar injin, ya ce, "Kai mutumin Paisley, gadon gidanku kake nema a murhuna? Katakonku ma rowa gare shi, da ƙyar yake kamawa!" Amma saboda ni ya riƙa jan jiki da aikin, har manaja ya yi masa tsawa.

Da Wilf ya ƙura wa ƙyallen ido sai ya daina dariya. "Hatiman wannan layin tun Litinin na ƙone su, abokina. Leƙa tarin mai gwangwan."

Hatiman da aka dasa wa siraran tagulla don fitar da ƙananan layuka, su aka ware don a ɓamɓare ƙarfen. Can na tono na Baba. Sauran biyar, na fure da na ganye, zallan katako ne, sun zama toka.

Na shafa launi na buga a takarda. Hannun Baba ne sak, Yaya, ko kuskure ɗaya babu. Sai dai ba abin da ya tsiro a kan karan.

Ina tafe ranar Asabar a jirgin ƙasa. Ga abin da na tsirar: hatimi biyu cikin bakwai, na kara da na ƙaya, sai ƙyallenki ɗaya.

Ƙanenki,
Lachlan