Tabarmar Baba a Zaure

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Ina fatan Ummi ta warware daga zazzaɓin. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka san tun da muka taso daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni Baba bai samu abokan hira ba. To, kwamfutar da ka bari na sa mata modem, na mayar da ita waifai don mu riƙa kama intanet a waya, na ajiye ta a ɗakin zaure. Samarin layinmu suka samu lambar sirrin. Kullum bayan La'asar sai su cika zauren, kuma ba mai zama sai ya durƙusa ya gaida Baba. Shi kuwa ya ɗauka wajensa suke zuwa. Har sabuwar tabarma ya saya, yana ba su labarin aikin jirgin ƙasa, suna "haka ne, Baba," idonsu na kan waya.

Satin da ya wuce kwamfutar ta ƙone, kuma mai gyara ya ce ba ta tasuwa. Tun ranar ba wanda ya leƙo. Jiya Baba ya ce min, "Hadiza, ko na faɗa wa yaran nan wani abin da ya ɓata musu rai ne?" Ina ma a ce ban taɓa kunna kwamfutar nan ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Don Allah ka riƙa kiran Baba bayan La'asar, don har yanzu yana shimfiɗa tabarmar.

Ƙanwarka,
Hadiza